Farin Dutsen da Aka Ɗauke daga Filin Jarirai

Sabina Lavelle,
Ƙauyen Ardnagall,
Gundumar Mayo.
14 ga Yuni, 1967.

Zuwa ga Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Gyara Wuraren Baƙi na Ardnagall.

Game da: Duwatsun da aka kwashe a gefen tsohuwar hasumiya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da ban girma, ina roƙon a yi haƙuri da rubutuna. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba.

1. Ranar Alhamis, 8 ga wannan wata, leburorinku suka share ɗan filin da ke tsakanin hasumiya da bakin teku, domin baƙi masu yawon buɗe ido su sami wurin zama su ɗauki hoto. A filin nan ake binne jariran da suka mutu kafin a yi musu baftisma, tunda maƙabartar coci ba ta karɓarsu. Ba a rubuta suna. Dutse kawai ake ajiyewa, kowane gida ya san nasa.

2. Ɗana yana can tun 2 ga Fabrairun bara. Awa huɗu ya yi a duniya. Mijina Colman ne ya binne shi ina kwance, ya ɗora farin dutse mai tsaga a gefe. Sau ɗaya ya nuna mini, sannan ya tafi aiki Ingila.

3. An kwashe duwatsun duka, an jera su a bakin sabuwar hanya, an shafa musu farar ƙasa. Na ƙirga hamsin da uku. Na juya su ɗaya bayan ɗaya, na sami namu. Inda aka ɗauko shi ne ban sani ba, domin an baje ƙasar, har itaciyar ƙayar da nake auna taku daga gindinta zuwa kabarin an sare.

4. Na tambayi shugaban leburori, Malachy Durkan, inda aka ɗauko dutsen. Ya ce shi baƙo ne a nan, ya ɗauka tarkace ne, kuma baƙi Amurkawa ba sa ƙetaro teku don su kalli ciyawa. Da ya gane maganata sai ya cire hularsa. Ya ce gaskiya bai tuna ba. Sai na tafi tatsar saniya.

5. An ce ranar Litinin, 19 ga wata, za a zuba siminti a kafa bencina.

Ba na ƙin baƙi, ni ma ina sayar musu da shayi a ƙofar gida. Roƙona shi ne a dakatar da simintin, a turo leburan da ya ɗaga dutsen ya tsaya tare da ni a filin, ko zai tuna. In bai tuna ba, a bar wurin ƙasa. Na fi so in tsaya ko'ina a ciki da a zauna a kansa ana cin biskit.

Ba za ku sami sunansa a littafin coci ba. Ni dai Fintan nake ce masa.

Da ladabi da biyayya,
Sabina Lavelle