Yashin da Muka Binne Don Mu Faranta Muku

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Shirya Babbar Gasar Golf ta Ƙasa,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki, ina rubuto maka ne daga Jos, kuma kunya ce ta sa ni ɗaukar biro. Ni tela ne a Kabong, ɗan kulob a tsohon filin golf na garin nan, inda mahaifina ya yi wa Turawan kuza dakon jakar sanduna.

Na ɗaya. Ka san bakin ramukan filinmu ba ciyawa ba ce. Yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai, kafin mutum ya tura ƙwallo a ja masa buhu a share hanya. Haka muka tarar, kuma an ɗaga kofuna a kansa. Da aka buɗe sababbin filayen ciyawa a Abuja da sauran manyan birane, sai gasar ta koma can ta yi zamanta. Ba hassada nake ba. Na buga a ɗaya daga ciki, wallahi kamar kafet yake.

Na biyu. Bara wakilanku suka zo suka faɗa mana baki da baki cewa gasa ba za ta sake zuwa Jos ba sai an ga kore a bakin kowane rami. Da wane ruwan za mu raya shi da rani? Ba wanda ya tambaya, har da mu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Muka sa aka yanko ciyawa da saiwarta daga fadamar Naraguta, aka shimfiɗa a kan yashin ramukan da ke kusa da ɗakin kulob, don su baƙi ke fara gani. Mun manta cewa ƙasar nan ta yi shekara da shekaru tana shan mai. Kafin wakilan su dawo dubawa, ciyawar ta ƙone, ta naɗe ta gefe kamar tsohuwar tabarma. Ba yashi, ba ciyawa, mun yi biyu-babu. Ɗaya daga cikinsu ya gwada bugu, ƙwallo ta yi tsalle ta bar ramin. Ya ajiye sandar ya juya abinsa, kuma da ma ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Akwai Baba Dung, dattijo daga Kuru, abokin mahaifina, shi ke haɗa mana yashin tun ina yaro. Ranar dubawar aka ce ya huta a gida, wai kayansa duk mai ne, kada baƙi su gan shi. Ni aka aika, don ni yake kira ɗansa. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, oga, na ji." Bai taɓa ce mini oga ba sai ranar. Tun daga nan bai sake taka filin ba.

Ranka ya daɗe, shimfiɗa ciyawar wautarmu ce, na yarda. Amma sharaɗin naku ne, shi ya sa muka ji kunyar abin da muka gada. Yanzu kulob ya yanke shawarar tone sauran ramukan yashin da zarar damina ta wuce, don har yau mutane na jin tsoron maganarku. In aka tone su, shi ke nan, ba mai sake haɗa su.

Roƙona gare ka shi ne a janye sharaɗin nan. A riƙa juya gasar, bana a sabon filin ciyawa, baɗi a tsohon filin yashi. Wanda zai amsa sunan zakaran ƙasa ya nuna hannunsa a kan duka biyun. Kuma a taimaka a sanar kafin ruwa ya ɗauke, tun diga ba ta taɓa ƙasa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da irin aiken da aka yi mini. Sau biyu ina zuwa tashar motar Kuru ina juyowa, don ba ni da abin da zan faɗa wa dattijon nan. Amsarka nake jira in tafi da ita.

Wassalam.

Naka,
Wani tela daga Kabong, Jos