Makullin Akwatin Kaka

Auta,

Salamu alaikum. Ya karatu, ya makaranta? Mu lafiya lau, sai ƙafar babanki da ta sake tashi.

Na ga wasiƙarki. Na ƙirga, sau tara kika ce Malamar tarihi. Ni sau ɗaya, shi ma don in aiko sabulu. Malama ta zana taswira, Malama ta san ranar da aka fara yaƙin duniya da ranar da aka gama. To madalla. Ni ma na san ranar da haƙorinki na farko ya fito, ba wanda ya tafa min. Wai har kin kira ta Mama a aji aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina guga nake karantawa, na ƙona rigar babanki.

Akwatin ƙarfen kakana da kike so, mai wasiƙunsa na soja, ba zan bayar ba. Ita Malamar da ke da littattafai ɗaki guda, ta bar min akwatina.

Ki riƙa cin abinci.
Mamanki ta gaske

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, a yi wa Baba sannu da jiki.

Ki yi haƙuri, suɓutar baki ce. Aiki aka ba mu, kowa ya kawo shaidar wani nasa da ya ga yaƙin, ranar Litinin za mu gabatar. Malama ta ce wasiƙar soja ta fi littafi, don littafi bai san sunan kowa ba. In ba za ki aiko ba, ko a taƙaice ki faɗa min abin da ya rubuta.

Taki,
Auta

Auta,

Gaisuwa. Sau ɗaya kika ambace ta wannan karon, an samu sauƙi.

Me ya rubuta? Oho. Da Turanci ne, rubutun a manne kamar ɗinkin keke. Shekara ashirin ke nan ina fito da wasiƙun ina shanyawa kada asu ya ci, in kalla, in mayar. Ban taɓa kai wa kowa ya karanta min ba, kunya nake ji. Na ce sai 'yata ta yi karatu. Yanzu kin yi, sai kuma wata can ce za ta riga ni jin maganar kakana? Haba Auta.

Allah ya yi miki albarka duk da haka.
Mama

Mama,

Ina gaishe ki. Asabar ranar ziyara ce, ki zo da akwatin da kanki. Akwai benci a bayan ɗakin karatu, mu biyu kawai. Zan karanta miki duka, a hankali. Malama sai Litinin.

Auta

Auta,

Ina tafe. Makulli yana wuyana. Ba sai mun gaisa da ita ba, ki dai nuna min ita daga nesa.

Mama