Zakaran da Mama ta yanka

Daren Talata, Kafanchan

Yau alƙali ya ba da belin ƙanena Bulus, da ke tsare tun bara kan rikicin iyakar gona. Ni da gaggawata, ban tsaya jin sauran ba, na fita na buga wa Mama waya. Da na koma, lauya ya ce sai babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Mu da kaf danginmu manoman citta ne, ina za mu samo shi? Na ce Fastonmu fa? Aka ce bai yi ba.

Na iso gida, na tarar Mama ta yanka zakaran da ta ajiye wa Kirsimeti. Ta leƙa bayana, ta ce, "Ina yake?"

Har yanzu tuwon da ta yi masa da zakaran suna rufe, ba wanda ya taɓa.