Ramukan da Na Cike wa Kanari

Ta ci! Uwata, 'yarki ta ci! An ɗauki Kanari a makarantar koyon waƙa, sunanta na nan manne a allon bakin ƙofa, na bakwai daga sama. Da idona na karanta shi, na sa yatsa a kai, na sake karantawa har mai gadi ya ce in matsa wasu su gani.

Af, ki gafarce ni, na ɗora rufi ban haƙa tushe ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikin asibitin da kike yi, Ya sauƙaƙa miki tsayuwar da ke kumbura miki ƙafa. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi, tana hawa benen ba ta tsaya a tsakiya ba, sai dai in ta ga wadda za ta yi hira da ita. Baffanki mai gyaran rediyo ya koma shagonsa. Ni kuma ina nan, ci da barci da surutu.

Kin tuna sharaɗinki. Kin ce ke ba ki yarda waƙa karatu ba ce, amma kin ba ta dama sau ɗaya: in ta ci jarrabawar shiga ta ci gaba, in ta faɗi a rufe maganar har abada. Tun daga ranar ba ki ƙara tayar da zancen ba, ko a waya. To, ina so ki ji yadda aka yi daga bakina, kafin Gwaggonki ta kawo miki shi da ƙarin gishiri, domin saura ƙiris yarinyar nan ta faɗi, kuma ba laifinta ba ne. Laifin mahaifinki ne.

Da farko dai ki sani, waƙa karatu ce, kuma karatu mai rikita tsoho. Ni da na shiga ajin yamma ina da shekara hamsin da biyu, na ɗauka duk abin da aka rubuta a takarda zan iya da shi. Ashe akwai wani rubutun. Layi biyar ake ja a jere kamar wayoyin lantarki, sai a zuba wasu ƙwayaye a kai kamar tsuntsaye sun sauka. Ƙwayar da ta hau sama, murya ta yi sama. Wadda ta sauko, murya ta sauko. Wannan na gane, domin na hau tsani shekara arba'in. Sunayensu do, re, mi, har bakwai, sai a koma do. Na tambayi Kanari me ya sa ba a ƙirƙiro suna na takwas ba, ta ce ai do ɗin ne dai, amma a hawa na sama. Na ce to ɗaki ɗaya ne ko biyu? Ta ce ɗaya ne kuma biyu ne. A nan na bar ta.

Sannan akwai bugu. An raba layukan nan ɗaki-ɗaki da 'yar katanga, kowane ɗaki bugu huɗu yake ɗauka, ba ƙari ba ragi. Har wani agogo malamar da ke shirya ta wa jarrabawar ta ara mata, ba shi da lambobi, ba ya faɗin lokaci, sai kaɗa hannu yana ƙwas-ƙwas. Mahaifiyarki ta ce a fitar mata da shi daga falo, agogon da bai san azahar ba ba agogo ba ne. Kullum da safe kuma yarinyar nan za ta tsaya gaban taga tana kaɗa leɓe kamar babur ya ƙi tashi, wai ɗumama murya take. Ranar da ta dawo ta ce an sa ta cikin masu alto, wato masu muryar ƙasa a mata, raina ya ɓaci, na ɗauko hula zan je in ji dalilin da aka mayar da jikata ƙasa. Da ƙyar ta riƙe ni tana dariya. Ta ce Tsoho, ba matsayi ba ne, kowace murya da wurin zamanta, kuma masu ƙasa su ke riƙe da masu sama. Na ce in haka ne tushe ce ke, na ajiye hulata.

Yanzu ga inda na yi ɓarna. Saura kwana biyar jarrabawa, malamarta za ta yi tafiya, sai ta rubuta da hannunta waƙar da Kanari za ta rera a gaban alƙalai, ta ce a zo a karɓa. Yarinyar na makarantar boko, ni na je. Da na dawo gida da hantsi na buɗe ambulan a kan tebur, don dai in ga irin aikin. Sai na ga ƙwayaye da yawa baƙaƙe ne, an cike su tsaf, amma wasu an zagaya su kawai an bar cikinsu fari. Na ƙirga, ashirin da uku. Na ce Allah sarki, baiwar Allah tana saurin tafiya ba ta ƙarasa ba. Kin san abu biyu game da ni. Magini ne ni, ban taɓa ganin rami a bango na wuce shi ba. Sannan malaminmu na ajin yamma, Allah Ya jiƙansa, ya sha gaya mana cewa a takardar jarrabawa duk da'irar da ba a cike ta sosai ba, ba a ƙirga ta. Na ɗauko bairona, na sa tabarau, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi, Uwata, ko ɗigo bai fita waje ba. Na mayar cikin ambulan, ban gaya wa kowa ba, don kada a ce malama ta yi aikin ganganci.

Kwana biyar yarinyar nan tana fama. Ina jin ta tana tafa hannu tana ƙirga, tana cewa wannan ɗakin bugu uku ne, wancan biyu, ina sauran? Ran Laraba har ta yi kuka, ta ce kanta ne ya toshe, ta manta duk abin da aka koya mata, gara ma kada ta je. Ni kuma, rashin sani ya fi dare duhu, ina zaune kusa da ita ina ba ta haƙuri, ina cewa mai nema yana tare da samu. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta kawo min cewa ni ne ɓarawon bugun ba. A ƙarshe ta ce malama ba ta kuskure, yadda aka rubuta haka za ta rera.

Ran Asabar muka je. Babban ɗaki ne mai dogayen tagogi, alƙalai uku a bayan tebur, wani dattijo mai sanƙo a gaban fiyano da tasa takardar, mu iyaye an jera mana kujeru a can baya. Tambayoyin baki ta amsa su kamar ruwa. Sai aka ce ta rera. Mai fiyano ya fara a hankali, Kanari ta shiga, muryar nan tata mai kauri ta cika ɗakin, har na fara gyara zama. Can sai na ji kamar mutum biyu sun ɗauki katako ɗaya, na gaba yana gudu na baya yana tafiya. Ta kai ƙarshen layi shi yana tsakiya. Ya ɗago kai ya dube ta, ta dube shi. Suka sake daga farko, aka maimaita.

Babbar cikin alƙalan, wata mata mai furfura da tabarau a rataye a wuya, ta ɗaga hannu ta ce a kawo mata takardar. Ta duba, ta tashi ta je bakin taga ta ɗaga ta a haske. Sai ta ce abin mamaki, tawada iri biyu ce a nan, baƙa da shuɗiya, wa ya taɓa wannan rubutu? Uwata, bairon yana aljihun gaban rigata a lokacin. Na ji kamar ya yi nauyin buhun siminti. Na miƙe na ce ranki ya daɗe ni ne, ramuka na gani na cike. Mai fiyano ne ya fara dariya, ya kifa kansa a kan fiyanon kafaɗunsa na girgiza, sai sauran suka biyo. Kanari ba ta yi dariya ba. Kallon da ta yi min, irin naki ne sak.

Matar nan ta kira ni gaban tebur ta yi min bayani a hankali kamar ɗan aji ɗaya. Wai ƙwaya baƙa bugu ɗaya ce, wadda aka bar cikinta fari kuma bugu biyu, a ja ta a daɗe. Ke nan duk wadda na cike na yanke mata rabin rai. Na ce ranki ya daɗe, yanzu wadda babu komai a cikinta ita ta fi wadda aka cika? Ta ce haka ne. Har yau ban gane hikimar ba, kuma na kwana biyu ina juya ta. Garin gyaran gira dai na kusa tsone ido.

Amma ji abin da ta ce bayan nan, don shi ne dalilin wasiƙar. Ta ce wa sauran alƙalan yarinyar nan ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, abin da ke takardar shi ta rera daidai, har ɓarnar kakanta. Ta ce yara da yawa suna zuwa sun haddace da kunne suna yi kamar suna karantawa, wannan kuwa karatu take da gaske. Sai ta karɓi takardar mai fiyano ta miƙa mata, ta ce ga minti goma. Kanari ta koma lungu tana tafa cinya a hankali. Da ta dawo ta rera, ita da dattijon nan suka tafi tare suka sauka tare. Wuraren nan da na cike, ashe nan ne daɗin waƙar yake, inda murya ke miƙewa ta tsaya a iska. Na nemi hankicina ban samu ba, da hular na share fuska.

Ni da Kanari muka kamo hanyar gida har muka sauka daga bas. Sai ta miƙo hannu ta ce in ba ta bairon. Yana wurinta har yanzu, wannan da fensir ɗin mahaifiyarki nake rubuta miki, shi ya sa kika ga rubutun ya dusashe.

Jiya ta nuna min wata alama kuma, 'yar ƙarama kamar bulo a kwance a kan layi. Wai sunanta hutu, wurin da mai waƙa zai yi shiru. Na ce shirun ma sai an rubuta? Ta ce ana rubuta shi, ana ƙirga shi, kuma in ya cika dole mutum ya shigo, in ya makara ya ɓata wa kowa. Nan take ke na tuna. Wata uku ke nan kina shiru a kan maganar nan, kuma yarinyar tana ƙirgawa. Kullum wayata ta yi ƙara sai ta leƙo daga ɗaki. Ta cika sharaɗinki, har da nauyin tsoho a wuyanta. Ni dai ban san kan wannan ilimi ba, amma a lissafina hutunki ya cika.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, da Dogo, da Auta mai haƙoran gaba biyu, da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Mahaifiyarki na gaishe ku, ta ce in rubuta cewa ita tun farko ta san hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Baffa da Gwaggo suna gaisuwa.

Ni ne mahaifinki, Tsohon magini.

Kada in manta babban abu. Asabar ta ƙarshen watan gobe sababbin ɗalibai za su yi waƙa a gaban iyaye, ƙarfe huɗu na yamma, a ɗakin nan mai tagogi. Kanari na layi na biyu daga hagu, cikin masu riƙe tushe. Ku zo dukanku, ke da maigidan da yaran, har surukar in za ta iya hawa mota, wurin kwana ba zai gagara ba. An ce gani ya kori ji, to wannan karon ku taho da idon da kunnen gaba ɗaya. Za ku same ni a kujerar gaba, hannuwana biyu a cikin aljihu.