Ni Ce Nake Yanke Wayar Shingen Karenmu

Hajiya Mutmainna, don Allah ki taimake ni kafin Asabar. Ranar ce maigidana zai sayo waya ta uku, ni kuwa ban yarda da hannuna ba.

Shekararmu biyu da aure. Da muna zaune a hawa na tara a unguwar Minguettes da ke gefen birnin Lyon, inda nake wuni a bakin taga da littattafan soyayya ina jiran ranar da zan samu lambu, domin a littattafan nan duk wata magana mai daɗi a lambu ake faɗarta. Bara Allah ya hore mana ƙaramin gida a Saint-Fons, kusa da masana'antar da maigidana Mounkaila ke aiki. Tsohuwar da ta sayar mana za ta koma gidan tsofaffi, ta roƙe mu mu riƙe karenta Biscotte. Mounkaila ya tambayi malam, aka ce in don gadi ne kuma ba zai shiga ɗaki ba, babu laifi. Ni dai gadin da na ga yana yi shi ne kwanciya a rana.

Gaban gidan babu katanga. Yayan maigidana, Yaya Salifou, mai aikin lantarki ne a Paris, shi ya kawo shawarar shingen da ba a gani: a binne waya kewaye da lambu, a sa wa kare abin wuya, da ya matso kan iyaka abin ya yi ƙara ya girgiza, sai ya koma. Shi ya zaɓo wayar ya aiko. Ranar da ƙunshin ya iso na ɗauka kyautar ba-zata ce, har turare na fesa kafin na buɗe. Naɗin koriyar waya ce, mita ɗari.

Yankan farko tsautsayi ne. Ina haƙa ramin fure sai na ji ƙas, akwatin na'urar da ke gareji ya hau kuka. Na mayar da ƙasa na yi shiru. Mounkaila ya ce wayar ce siririya. Yaya Salifou ya hau jirgin ƙasa ya zo da wata mai kauri, lamba 1,5, suka binne ta su biyu a cikin yayyafi.

Na biyu kuwa, Hajiya, da gangan na yi. Maƙwabciyarmu ta tsallaken titi tana da wata farar karya mai suna Praline. Kullum Biscotte sai ya zauna daidai kan iyaka yana kallon ƙofarsu yana ajiyar zuciya. A makon kuma ina karanta wani littafi da aka raba masoya, na daɗe ina tsine wa masu rabawar, sai na lura a gidan nan mu ne su. Na ɗauko almakashin fure na datse wayar. Ko waiwaye bai yi ba. Da na bi shi na same shi yana ci daga kwanonta, ita tana gefe tana kallonsa. Sai da na yi hawaye.

Mounkaila bai gano inda ta katse ba. Ya buga wa yayansa tarho ya ce ragowar aikin mutane yake aiko masa, wai su 'yan Paris gani suke duk wanda ke Lyon baƙauye ne. Yau mako uku ba sa magana, alhali Yaya Salifou ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Hajiyarsu ta kira ni daga Maraɗi tana tambayar abin da ya haɗa su, na ce ni ban san harkar lantarki ba.

Yanzu ba shi da hira sai waya: lamba 2,5, mai zare ɗaya ko mai zaruruwa, wace roba ce ba ta ruɓewa a ƙasa. Yadda yake tausasa murya in yana maganar robar nan, rabon da in ji haka tun muna neman aure.

Wace waya ce almakashi ba ya yanka, ko da zuciyata ta sake karyewa? Kuma dole ne in faɗa? A littafi gaskiya da kanta take fitowa a babin ƙarshe, yawanci a asibiti, kowa ya yafe.

Mai lambun fure, Saint-Fons

*

Ƙanwata mai lambun fure,

Na tambayi mai aikin lantarkin unguwarmu. Ya ce ƙaramin lambu irin naku, wayar jan ƙarfe lamba 1,5 mai robar da aka yi don binnewa ta isa har da saura. Mai kauri ta fi jure tsakuwa da saiwa, amma babu wadda za ta gagari almakashin da ke datse reshen fure. Wato wayar Salifou lafiyarta ƙalau, kuma ba sai an sayi ta uku ba. A haɗa inda ta katse da mahaɗi wanda ruwa ba ya shiga, kada a naɗe da salatif. Inda kike shuka a zura ta cikin tiyo. Wurin da ta katse kuwa mutum ɗaya ne a Faransa ya san shi.

Ba ke kaɗai ce da laifi ba. Maza biyu sun shirya binne waya a lambun mace ba su zana mata inda ta bi ba, yankan farko nasu ne. Mounkaila kuma ya yi saurin zargin wanda ya biya kuɗin jirgi ya zo ya tsuguna masa a taɓo. Tausayinki ma ba aibu ba ne: karen da ke wuni yana kallon titi yawo yake so, ku sa masa igiya ku zaga da shi.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Karen da ya ruga ya sa kai a kwano, mai kwanon tana gefe, ba soyayya ta kai shi ba. Abincin gidan ne ya fi naku. Kuma titin da ya tsallaka manyan motocin masana'antu ke bi. Da asibitin da kike jira ya zo, na dabbobi ne, sannan ke za ki je ki yi wa tsohuwar nan bayani.

Kin ce kin tsani masu raba masoya. Masoyan da aka raba a labarin nan wa da ƙane ne, ɗaya a Paris ɗaya a Lyon, kuma almakashin yana hannunki. Kafin Asabar ki ja Mounkaila zuwa lambun da kika daɗe kina mafarki, ki tone wurin, ki nuna masa. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Daga nan ki kira Yaya Salifou da kanki ki ba shi haƙuri, ki miƙa wa ƙanensa tarhon, ki kuma sanar da Hajiyar Maraɗi kin fara sanin lantarki.

Allah ya daidaita tsakaninsu, ya raya furanninki, ya ƙara wa Biscotte nama a kwanonsa na gida.

Hajiya Mutmainna