Tsohon Fulogin Baba

Yaya Sani,

Salamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Agadas? Mu nan Jibiya lafiya lau, Inna ma da sauƙi.

Da zafin nan kifin dam ya koma ƙasa, ƙugiyata sai yawo take a sama. Jiya na zazzage jakar marigayi Baba, sai ga fulogin motar nan da ya roƙa wajen direbobin Maraɗi, yana ɗaurawa a zare don ƙugiya ta nutse. Ka tuna dariyar da muke yi mashi? Na ɗaura, kafin la'asar na jawo ƙatuwar tarwaɗa.

Inna ta dafa, ta ware kan a kwano, wai naka ne. Ba wanda ya iya taɓawa.

Gaida Hadiza da yara, a sa mu a addu'a. Ka zo gida, Yaya.

Ƙanenka,
Lawal