Ba Zan Rufe Famfon Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, Allah ya yaye maka ciwon bayan nan. Mu nan sai godiya. Inna ta warware har ta koma faɗa da kajinta, Auta kuma ta gama jarrabawa.

Saƙonka ya iso ta bakin Kawu, wai in rufe famfon da ke kawo ruwa daga matatar gurɓataccen ruwa ta garinmu, in kwance rumfar ledar da nake noma a ciki, don na zubar da mutuncin gidanmu da ruwan kwata. Yaya, da girmanka da komai, ba zan rufe ba. Shekara uku rijiyar Baba tana ƙafe, gonarsa ta zama makiyayar awakin maƙwabta, ban ji wanda ya tuna da mutuncin gida ba. Kuma ni ba a kwata nake ɗiba ba. Sai an tace ruwan, an kashe ƙwayoyin cuta, sannan a sako mana, duk wata kuma malamar gona tana ɗiba a kwalba ta kai gwaji. Ta siraran tiyo yake ɗiga a gindin shuka, ko ganye ba ya taɓawa, balle tumatirin.

Ban ce ban yi kuskure ba. A shukar farko na zuba taki yadda na ga Baba yana zubawa, hannu sake. Tumatir ya yi ta ganye har ya tokari rufi, fure kuwa sai zubewa, bakin ganyen tattasai ya ƙone, ƙasa ta yi fari da gishiri. Na zauna a kan bokiti na sha kukana. Malamar gona ta murza ƙasar a hannu, ta yi dariya ta ce na yi wa ƙosasshe ɗura, domin ruwan da kansa yana ɗauke da abincin shuka. Ta sa na rage takin yuriya zuwa kashi ɗaya cikin uku, na ƙara takin da ke sa 'ya'ya idan fure ya fito, na riƙa wanke ƙasar da ruwan saman da na tara a tanki. Bana sai da na ɗaure kowane reshe da igiya saboda nauyi.

Da mai kayan miyan bakin kasuwa ya ga mata sun juyo wajena, shi ne ya baza maganar kwata, har ta kai kunnen Kawu. Ranar Talata Kawu ya zo da mai gyaran famfo da sifana a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, na tashi na tsaya a gaban famfon. Na miƙa masa takardar gwaji, ya ce bai zo karatu ba. Muna haka Inna ta dogaro sandarta ta shigo, ta dubi ƙanen nata ta ce, “Wata bakwai ina cin abin rumfar nan, ga ni tsaye. Mai son rufewa ya fara kawo abin da zan sa a tukunya.” Mai gyaran famfo ya mai da sifanarsa aljihu, Kawu ya fita ko sallama babu.

Har yau wasu matan da maganar kwata ta kora ba su dawo saye ba, ni kuwa ban bi kowa gida ba. Ranar Asabar maƙeri zai kafa ƙarafan rumfa ta biyu a kason gadona. Naka kason yana nan, ban taɓa ko taku ɗaya ba. Ba izini nake nema ba, Yaya, so nake ka ji daga bakina kafin a kai maka da ƙari.

Ka gaishe min da matarka da 'yan biyu da takwarar Inna. Inna tana sa maka albarka, Auta tana gaisuwa.

Ƙanwarka,
wadda 'yan unguwa ke kira Uwar Rumfa.